Kafin a Ce "Sai Haƙuri": Fina-finan Ban Tausayin da Suka Cancanci Hawayenmu

Babu kalmar da Bahaushe ya fi saurin kai hannu gare ta idan ya tarar da mai baƙin ciki kamar haƙuri. Wanda ruwa ya cinye wa gona, da wadda ta rasa ɗan fari, da wanda aka sallama daga aiki, duk abu guda za su ji daga bakin mai jaje: sai haƙuri. Kalma ce mai daraja, kuma ita ta riƙe gidaje da dama waɗanda ba don ita ba da tuni sun watse. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a tabarmar makoki ya san masu gaisuwa iri biyu ne. Akwai wanda zai furta kalmar tun bai gama tuɓe takalmi ba, ya shafa fatiha, ya fice. Akwai kuma wanda zai nemi gefe ya zauna, ya daɗe bai ce uffan ba, ta yadda idan daga baya ya ce a yi haƙuri za ka ji kalmar ta yi nauyi, domin sai da ya ɗan taya ka ɗaukar kayan kafin ya faɗe ta. Da wannan mudu nake auna fina-finan ban tausayi, kuma da shi zan auna waɗanda nake ba mai karatu shawarar ya nema ya kalla.

Masu son irin waɗannan fina-finai ba kaɗan ba ne. Wanda ya ɗan tsaya a shagon masu tura fina-finai a waya, a Birnin Kebbi ko a Argungu, ba zai daɗe ba zai ji wani ko wata na cewa a sa masa "mai ban tausayi", kamar yadda ake ce wa mai shayi ya ƙara madara. Abin da ake tura musu kuwa galibi zubinsa ɗaya ne. Marainiya ce a hannun kishiyar uwa, ita ce wanke-wanke, ita ce talla, ƙanzo ne abincinta. Fiyano ya fara kuka tun ita ba ta fara ba, kyamara ta matso dab da kumatunta don kada ɗigon hawaye ɗaya ya wuce ba a ƙirga shi ba. Can wajen ƙarshe muguwar ta haukace, ko ta makance, ko mota ta kife da ita ta nemi gafara a gadon asibiti, yarinya kuwa ta auri ɗan sarki ko ɗan attajiri. Ko Sangaya, wanda ya girgiza kasuwar fim wajen shekarar 2000, a kan wannan turba ya bi da Zubaina daga wulaƙancin aikatau zuwa ɗakin Maina.

Ban raina wannan zubi ba. Jikan tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ne, kuma mutumin da bai ga sakayya a kotu ba, bai gan ta a kasuwa ba, ba a hana shi ya gan ta a fuskar wayarsa. Amma irin wannan fim mai gaisuwar tsaye ne. Yakan karɓi hawayenka, ya biya ka da shagalin biki, ya sallame ka ba a bin ka komai. Abin da ya fi damuna da shi, yana koya wa mai kallo cewa baƙin ciki kullum aikin mugu guda ne, mai baƙar aniya da jan ido, wanda ko kusa bai yi kama da shi mai kallon ba. Fina-finan da zan ambata sun saɓa wa wannan. Abin da aka rasa a cikinsu ba ya dawowa, laifi kuma yakan rarrabu har wani ɗan kaso ya faɗo a cinyar wanda ke kallo.

Zan fara da na gida. A shekarar 1976 marigayi Adamu Halilu ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, zuwa fim da harshen Hausa, shekara 14 kafin Turmin Danya ya buɗe ƙofar abin da ake kira Kannywood a yau. Shi kansa littafin ɗan gasa ne, domin yana cikin waɗanda gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ɗaliban adabi sun san labarin. Mahaifin Umar ya rasu, uwarsa ta auri Makau, 'yan hassada suka haɗa Makau da sarki aka kore shi daga Kagara, abin nan da ake cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya kai ga Balaraben nan Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Hikimar labarin tana cikin wanda ke ba da shi. Umar ne da kansa, yana dattijo, malami a Rauta, almajirai kewaye da shi. Tun daga farko ke nan mun san ya tsira, ya kuma ɗaukaka, don haka ba mu da wata fargaba a kansa. Duk nauyin sai ya koma kan uwar. Ga mace mai 'yancinta, babu wanda ya kai mata hari, babu wanda ya ɗaure ta, ta tashi da ƙafarta ta bi sawun ɗanta, har wani Ado ya yaudare ta da alkawarin sada ta da shi, ta wayi gari baiwa a ƙasar da ba ta jin harshenta. Da wani daraktan zamaninmu ne, da haɗuwarsu a Tarabulus ta zama wurin kiɗa da rungume-rungume da sabon zane. A nan sun haɗu, sun gane juna, ba a jima ba ta cika. Ta sami abin da ta fito nema, amma wahalar neman ta riga ta cinye jikin da zai more shi, kuma babu hukuncin da za a yi wa wani da zai mayar mata da shekarunta.

Wurin da labarin ya fi hana ni sakat shi ne Abdulkarim. Mutumin kirki ne, mai tausayi, mai riƙon amana, kuma fataucin bayi yake yi. Cinikin da ya raba Umar da uwarsa shi ne ya ciyar da shi ya tufatar da shi. Wasu manazarta na ganin wannan a matsayin rauni, wai marubucin bai fito fili ya la'anci bauta ba. Ni kuwa a nan nake ganin ƙarfinsa. Kasuwar bayi ba dodanni suka riƙe ta ba, mutane ne masu sallah da sadaka da kyautata wa maƙwabci, irin kakannin kowa, kuma babu masarautar ƙasar Hausa da hannunta bai taɓa wannan ciniki ba. Wanda ya gama kallo ba shi da mugu guda da zai tsine wa ya huta.

Fim ɗin yana da nawa, ya haura sa'a biyu, kuma ana jin ƙamshin dandamali a wasu fitowa, wanda ba abin mamaki ba ne tun da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da littafin wasan kwaikwayo. Natsuwar Umar ma takan yi yawa har mutum ya so ya ga ya fusata ko sau ɗaya. Sai kuma wani abin takaici da ke wajen labarin. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Har yau ya fi sauƙin gani ga Bajamushe a kan Bahaushe. Shi dai wannan Adamu Halilu ya yi Kanta of Kebbi a 1978, amma a Argungu kanta, inda gidan tarihin Kanta yake, da wuya ka sami matashin da ya taɓa ɗora ido a kansa.

Na biyu ya zo ne daga yamma da mu, kuma ban san fim ɗin waje da ya fi shi kama da bakin gulbinmu ba. Timbuktu, na Abderrahmane Sissako, ya fito a 2014, yana ba da labarin zaman birnin Tambutu a hannun masu iƙirarin jihadi da suka mamaye arewacin Mali a 2012, ko da yake a garin Walata na Muritaniya aka ɗauke shi saboda rashin tsaro. An hana kiɗa, an hana ƙwallo, an hana taba. Akwai fitowar da kowa ke ambata, inda samari ke buga ƙwallo babu ƙwallon, suna gudu suna yanka suna murnar ci a kan iska. Akwai wadda ta fi burge ni, inda aka umarci wata mai sayar da kifi ta sa safar hannu, ta miƙa musu hannayen ta ce gara su sare su, don ba ta ga yadda za a wanke kifi da safa ba. Duk wanda ya san matan da ke sana'ar kifi a Argungu ya san wannan murya.

Amma masifar da ke tsakiyar fim ɗin ba masu bindiga suka fara ta ba. Kidane makiyayi ne Ba'abzine, yana zaune a tanti bayan gari da matarsa Satima da 'yarsu Toya da wani yaro Issan mai yi masa kiwo. Wata rana saniyar da ya fi so ta kauce wajen shan ruwa ta faɗa cikin tarun wani masunci, Amadu, wanda ya sha yi wa yaron kashedi. Amadu ya soke ta da mashi. Kidane ya tafi neman ba'asi da bindiga a ɗamara, duk da matarsa ta roƙe shi ya bar ta a gida. Suka sarƙe da kokawa cikin ruwa, bindiga ta tashi. Taru da saniya, su ke nan. Mu da muke zaune inda masunci da makiyayi da manomin fadama ke shan ruwa a gulbi guda ba ma bukatar a fassara mana wannan rigima, mun san yadda abin da bai kai a kira mai unguwa ba yakan kai ga makara.

Abin da Sissako ya yi bayan harbin shi ne darasin da nake so masu shirya fina-finanmu su haddace. Bai matso da kyamara ba. Ja da baya ya yi, can nesa, har kogin ya cika fuskar allo daga gaɓa zuwa gaɓa, mutanen biyu suka koma kamar ƙwari. Kidane na ta kutsawa cikin ruwa zuwa wancan ƙetare, a ɗaya gefen kuma Amadu ya yunƙura ya miƙe, ya yi taku kaɗan, ya faɗi. Rana na faɗuwa, ruwa na tafiyarsa. Ba a nuna mana fuskar kowa ba, ba a ce mana ga wanda za mu tausaya wa ba, sai muka tsinci kanmu muna tausayin duka biyun. Daga nan shari'a ta biyo baya, aka nemi diyyar shanu 40 daga mutumin da bakwai suka rage masa, dangin mamaci ba su yafe ba. Kidane bai roƙi ransa ba, abin da ke cin sa shi ne Toya za ta tashi babu uba. Fim ɗin ya rufe da yarinyar tana gudu cikin rairayi, ta rasa uwa ta rasa uba, kuma babu inda ta nufa.

Ina da ƙorafi guda a kansa, ƙorafin ɗan bakin gulbi. Mun shiga tantin Kidane, mun sha shayi da shi, mun ji kiɗansa, mun san dariyar 'yarsa. Gidan Amadu kuwa ba a taɓa kai mu ba. Ba mu san kwana nawa ya yi yana ɗinkin wannan taru ba, ko baki nawa ke jiran abin da zai kamo. Wanda ya san abin da taru yake ga masunci ya san mashin nan ba don saniya ɗaya aka jefa shi ba. Fim ɗin ya ci kyaututtukan César guda 7 a Faransa, ya kuma shiga takarar Oscar, ya cancanta, amma ya bar rabin makokin ba a zauna ba.

Na uku tsoho ne da iyayenmu suka sani tun zamanin da 'yan kasuwa Kwarori ke kawo fina-finan Indiya gidajen sinimar Arewa. Mother India, na Mehboob Khan, ya fito a 1957, kuma a kallon farko yana ɗauke da duk abin da na kushe a baya: waƙoƙi, da mugu mai suna, da hawaye kamar da bakin ƙwarya. Surukar Radha ta ci bashin rufi 500 a wurin Sukhilala don hidimar biki, aka wayi gari kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne duk shekara, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Dutse ya murƙushe hannayen mijin, kunya ta kore shi daga gida cikin dare. Ambaliya ta zo ta share gari da gona, ta tafi da ɗanta ƙarami. Nargis, wadda ta fito a Radha, ta sa wuyanta inda sa ke sa nasa ta ja garma.

Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Wanda ya ga daminar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa daga Argungu da Birnin Kebbi har Bunza da Bagudo ana dab da girbi, ba zai kalli wannan ambaliya ta fim a matsayin labarin wata ƙasa ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, kuma da yawa daga waɗanda ruwan ya yi wa ɓarna da bashi suka yi noman. Rancen hukuma daban, na mai cin riba daban, amma daren manomin da ake bi bayan gona ta nutse iri ɗaya ne ko'ina.

Abin da ya fitar da fim ɗin daga sahun masu gaisuwar tsaye shi ne Birju, ɗan Radha. Yaro ne da ya tashi yana kallon ana auna hatsin uwarsa ana ba wani, bai iya karatu ba balle ya duba littafin da aka rubuta bashin, sai fushi ya zama iliminsa. Ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe Sukhilala. Ga mugu ya mutu, inda fim ɗinmu zai sa kiɗan nasara. A nan mutuwar ba ta gyara komai ba. Birju ya sungumi 'yar mamacin ranar aurenta, uwarsa ta ɗauki bindiga ta harbe shi, ya mutu a hannunta yana miƙa mata awarwaronta da ya ƙwato daga jingina. Radha ta yi daidai, Birju ma yana da gaskiyarsa, kuma ɗayan bai soke ɗayan ba. A wannan zamani da kowane ɗan bindigar daji yake da uwa a wata ruga ko wani ƙauye, ban san tambayar da ta fi wannan zafi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe da nuna cewa abin da fina-finan Hausa suka aro daga Indiya shi ne waƙa da rawa, da auren dole, da soyayyar mutum uku. Da ma sun haɗa da garmar da littafin bashin.

A cikin na kusa-kusan nan, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda ya fito a 2020, ya cancanci a nema. Hoton 'yan matan Fulani masu tallan nono da ke bayan takardar naira 10 ne ya tsima mai fim ɗin, ya tambayi kansa abin da zai faru da su idan 'yan tada ƙayar baya suka afka wa rugarsu. A jihar Taraba aka ɗauke shi, galibinsa da Hausa, ya kuma zama gwarzon fim a gasar AMAA ta shekarar. A'isha ta koma daji neman ƙanwarta Zainab, sai ta tarar wadda ta zo ceto ba ta son a cece ta, ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta, har ta zama mai faɗa a ji cikin matan sansanin, ga kuma miji ɗaya ya haɗa su. Kishin da muka saba gani ana yi a kan kujerun falo, a nan ya zama abin tsoro. Maryam Booth ta nuna abin da 'yan wasanmu za su iya idan aka ba su rubutu mai nauyi, duk da cewa Hausar takan yi ƙamshin fassara nan da can. Shi kuwa Dry na Stephanie Linus, labarin Halima 'yar shekara 13 da aka aurar ta gamu da yoyon fitsari, batunsa namu ne ƙwarai, shaida ita ce cibiyar Gesse da ke nan Birnin Kebbi. Yarinyar da ta fito a Halima ta yi ƙoƙari matuƙa. Sai dai fim ɗin yakan tsaya ya juyo ya yi mana lacca, ceto kuma sai da ya taso daga Birtaniya. A kalle shi don batunsa.

Biyu daga nesa, a taƙaice. Ladri di biciclette, wato Ɓarayin Keke, wanda Vittorio De Sica ya yi a birnin Rum a 1948, ba shi da gawa ko ɗaya, amma ya fi masu gawa goma ciwo. Antonio ya sami aikin liƙa takardun talla bayan dogon zaman kashe wando, matarsa ta jinginar da zannuwan gado aka fanso kekensa, aka sace keken ranar farko. Bayan ya gaji da nema shi ma ya miƙa hannu ga na wani, aka kama shi, aka mare shi a gaban ɗansa Bruno. A cire keke a sa babur, labarin kowane ɗan kabu-kabu ne, har da masu digiri a cikinsu. Ma'aikacin masana'anta ne ya fito a Antonio, titi ne dandamalin, don haka masu cewa rashin kuɗi ke hana mu yin fim mai ma'ana sai su nemi wata hujjar. Ɗayan kuwa zanen katun ne daga Japan, Grave of the Fireflies na Isao Takahata, 1988, labarin Seita da ƙanwarsa Setsuko bayan an yi wa birnin Kobe ruwan wuta a 1945. Marayu ne a hannun gwaggo, kamar dai namu, amma gwaggon ba mayya ba ce, mace ce da abinci ya yi wa kaɗan har ta fara ƙirga lomar baƙi. Zuciyar yaron ce ta fitar da su daga gidan, yunwa ta ƙarasa sauran. Kada kalmar katun ta sa a kunna wa yara shi.

Na san abin da wani zai ce. Mu da muke kwana da labarin 'yan bindiga mu tashi da na ambaliya, ina mu ina sayen baƙin ciki da kuɗin data? Ai gara ban dariya, a manta. Tambaya ce mai ƙarfi, kuma ga wanda rasuwa ba ta daɗe da taɓa shi ba, ko mai fama da ciwon damuwa, ni ma cewa zan yi ya dakata, waɗannan fina-finai ba za su gudu ba. Amma ga sauranmu, abin da muke ji kullum a rediyo adadi ne: mutum kaza sun rasu, gida kaza sun rushe. Adadi ba shi da fuska, kuma yawan jin sa yakan sa zuciya ta yi kanta, har mutum ya ji an ce arba'in ya ci gaba da shan kununsa. Fim yakan ɗauki mutum guda daga cikin arba'in ɗin ya zaunar da kai a gabansa na sa'a biyu. Tun zamanin Girkawa Aristotal ya lura cewa wasan ban tausayi yakan tayar da tsoro da tausayi ne don ya wanke zuciya da su.

Ba ma sai mun je Girka ba. Magabatanmu ba su ɗauki bayyana alhini a matsayin rashin tawakkali ba. Abdullahin Gwandu, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, ya bar marsiyyoyi a Tazyinul Waraƙati, Nana Asma'u kuma ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo nata. Malamai ne da suka fi mu sanin falalar haƙuri, amma sai da suka zauna suka ƙirga abin da suka rasa ɗaya bayan ɗaya, cikin awo da amsa-amo, kafin su miƙa lamarin ga Mai shi. Mu ne muka gajarta hanyar. Mun kuma ɗora wa namiji dokar hana kuka, shi ya sa a gidan kallo, idan fitowa ta yi zafi, sai ka ji tari ya yi yawa, wani ya tashi wai zai amsa waya.

Abin da ya rage mini shi ne fina-finan da ba a yi ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kogin Neja kusa da Warra, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Ba a yi wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, 'yan matan ƙarshe ba su dawo gida ba sai a 2023. An yi jaje, an yi addu'a, an ce sai haƙuri, labari ya koma wani wuri. Kyamarori kuwa sun san hanyar jihar nan sarai, duk lokacin da aka yi bikin kamun kifi cika bakin Matan Fada suke yi, suna ɗaukar dubban masu homa da gora suna rugawa cikin ruwa. Babu wadda ta tsaya ta bi masunci guda zuwa gida a shekarar da kifi ya yi ƙaranci. Da za a ba ni zaɓin inda fim ɗin Warra zai fara, ba zan kai kyamara kan ruwa ba tukuna. Zan ajiye ta a tsakar wani gida, inda aka ɗora tukunyar rana har da kason wanda ya hau jirgin da safe.